Lakar da Ɗantala Ya Ƙi Hudawa

A bakin A'i, Bafillatar da ke kawo mana nono, na fara jin labarin Ɗantala. Ta sauke ƙwarya tana dariya har da riƙe ciki, ta ce: "Yau na ga abin mamaki. Wani Ba'are ya sauko daga bisa ƙarfen gwamnati, ya tsuguna shina cin ƙasa. Na san ku Arawa da yunwa, amma ban san ta kai ku nan ba!" Kun dai san Filani da Arawa, wasa ne tsakaninmu tun kakanni. Sai daga baya munka gane ba ci shike ba, ɗanɗanawa shike.

Ɗantala mutumin wajen Matankari ne, gidansu maginan rijiya ne. Tun bai yi gemu ba ake zura shi rami da igiya a ƙugu, can ya koyi sanin ƙasa da harshe. Ya lasa ya ce wagga jar marmara ce, wagga laka ce mai riƙe ruwa, wannan kuwa farin rairayi ne, ko kogi ka zuba masa sai ya shanye.

Shekarar da Nasara ya miƙa mulki anka kafa sansanin masu aikin hanya a Dogon Dutsi. Ɗantala ya ɗauki dagin ubansa ya tafi. Da shebur ya fara, shina loda ma tifa marmara. Sannan anka ɗora shi bisa rola, wadda ke daddaɓe hanya, ga ta da nauyi, ko jaka mai ciki ta fi ta sauri. Ya ɗan taɓa gireda, mai dogon wuyan nan da ke share hanya da wuƙar cikinta, amma ransa na ga katafila. Shekara biyar shina kallonta tana tafiya bisa sarƙa, tana kwasar tudu kamar mace na kwasar tuwo da mara. Ranar da anka ba shi ita, sai da ya yi raka'a biyu ta godiya a inuwarta. Kullum da safe ya goge ta da tsumma, ya kasa kunne ga kukan injin, ya yi Bismillahi, kana ya hau. Matarsa Shatu takan ce da katafila na cin tuwo, da ita za a fara zuba ma.

To, garinmu bisa fako shike, rijiyarmu gaba arba'in. In bazara ta kama, mace ta wuni bakin rijiya ta komo da tulu guda, tafin hannu duk ya tsage da igiya. Salla ma wani lokaci sai da taimama. Kusa da garin nan namu anka buɗe ramin ɗibar marmarar hanya, Ɗantala na turewa da katafila, tifofi na kwashewa.

Da ramin ya kai tsayin mutum biyu, sai marmara ta ƙare. Ɗantala ya kashe inji, ya sauko, ya lasa. Laka ce. Ya mulmula ta da yawu a tafin hannu, ta miƙe kamar igiya ba ta tsinke ba. Ya ɗauko dagi daga bayan kujera ya gwada kaurinta, bai wuce kamu uku ba, ƙarƙashinta kuwa farin rairayi. Nan take ya gane abin da ke gabansa. In anka bar lakar nan yadda Allah ya shimfiɗa ta, damina guda ramin zai zama tafki. In wuƙar katafila ta huda ta, ya zama kwando.

Shugaban aikin Mushe Loran ne, Kirista, ɗan Dogon Dutsi, ya yi lakwal, wato boko, mai zurfi. Ba mugu ba ne, Allah na gani. Amma hadari ya fara haɗuwa gabas, ga gada ba a gama ba, rairayi shike nema ido rufe.

Ya iso da hularsa mai faɗi ya ce: "Ɗantala, me ya tsai da kai? Rairayin da muke nema ga shi ƙarƙashin ƙafarka. Huda!"

"Mushe, akwai rairayi a ƙoramar can, tifofi su je su ɗebo."

"Ka ƙara mini kwana huɗu ke nan. Hanya anka aiko ni yi, ba tafki ba."

"Ka ba ni shan ruwa guda, Mushe, in nuna maka abu."

Ya gina ƴan ramu biyu da dagi, ɗaya ya tsaya cikin laka, ɗaya ya zarce har rairayi. Sai ruwan zubawa. A'i na zaune gefe da gorarta, ta gama sayar ma leburori nono.

"Bafillata, ara mini gorar nan."

"Kai Ba'are, tun hantsi na samo ruwan nan! In ka zubar mini da shi a banza, kai zan ɗaura ma igiya in zura rijiya."

"Ai can na girma. Kawo."

Ya raba ruwan biyu. Na ramin rairayi kafin a ce salamu alaikum ya ɓace, ko danshi da ƙyar. Na ramin laka ya kwanta, har ana ganin sama a ciki. Leburori sunka yi cirko-cirko. Matan garinmu masu komowa daga rijiya sunka tsaya da tuluna bisa kai suna leƙe.

Mushe Loran ya daɗe shina kallon ruwan nan. Sannan ya ce: "Na gani. Amma ka ƙi maganata gaban leburori. In na bar ka bisa ƙarfen nan, gobe kowa sai ya sauko ya lashi ƙasa ya koya mini aikina. Zaɓi ɗaya. Ka huda ka ci gaba da katafilarka, ko a bar laka ka koma rola."

Ɗantala ya dubi katafila. Shekara biyar ya yi kafin ya hau ta, bai cika biyu bisanta ba. Ya juyo ya dubi hannuwan matan da ke riƙe da tuluna.

"Mushe, a bar mini ita zuwa la'asar."

"Na bar maka."

Ya hau, ya ɗaga wuƙa sama, bai sake barin ta taɓa gindin ramin ba. Ya yi ta kai da komo bisa lakar, sarƙa na danne ta, yadda muke daɓen ɗaki. Gefe guda ya sassabe shi ya yi gangare, don shanu su sauka ba su karye ba, yara kuma su iya fitowa. Da la'asar ta yi ya kashe inji, ya goge ta da tsumma tun daga wuƙa har baya, ya zare daginsa, ya tafi alwala.

Shatu kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ta ce mutane na hawa sama, shi ya sa ƙafa ya sauko.

Ruwan farko da anka yi ramin ya cika fal. Munka ce bari mu gani. Anka yanke gero, ruwa na nan. Sanyi ya zo ya wuce, ruwa na nan. Sai tsakiyar bazara ya ƙafe, wata bakwai bayan ɗaukewar damina. Tun bai ƙafe ba Shatu da kanta ta zo gani, ta tsaya bakin tafkin ta rufe baki da mayafi, ta ɗebi gora guda ta kai ma mijinta. Mushe Loran ma in ya biyo da motarsa yakan tsaya ya wanke fuska. Katafila dai bai mayar ma Ɗantala ba.

Bana damina ta uku ke nan. Ƴaƴana na alwala da ruwan nan, ni kuwa ba na sallame salla ban sa Ɗantala a addu'a ba.

Yanzu haka shina bisa rola wajen Kore Mairuwa, shina tafiyarsa a hankali. Ranar kasuwa A'i takan wuce shi da ƙafa, da ƙwarya bisa kai, ta ce: "Ba'are, sauko in goya ka, ka fi saurin isa!" Shi ko ya ce: "Ki gaida mini shanunki, ruwan Ba'are suke sha!" Dagin na nan bayan kujera. Duk inda anka buɗe sabon rami, sai ya tsai da rola, ya sauko, ya lasa.