Kwalabe Uku na Zumreta

Da Allah ya yi wa Sakib rasuwa, ya bar wa matarsa Zumreta gonar tuffa a gangaren tudu da wata tsohuwar tarakta ja. Shekarunta hamsin da takwas. Tuƙi kam ta iya tun tana amarya, amma hawa babban titi zuwa kasuwa sai da lasisi, lasisi kuwa sai an ci jarrabawa. In ba tarakta, tuffar a ƙasa za ta ruɓe.

Sau biyu tana faɗuwa. Ta karanta littafin dokokin hanya har bangonsa ya cire. In yana buɗe a gabanta komai ta sani, da ta rufe sai kai ya zama fanko.

Ƙanin mijinta Hajrudin ya zo shan kofi, ya ce, "Matar Yaya, ki rabu da ƙarfen nan, na samo mai saye. Kan tsohuwa ai rariya ne."

"Kai mai lasisi, sau nawa aka jawo ka daga rami?"

"Sau ɗaya! Kuma santsin ƙanƙara ne."

"To sha kofinka, ƙanina."

A kan sallaya ta gane matsalar. Surorin da take ja da ka ba sa guje mata, shi kuwa littafin kallonsa kawai take yi. Sai ta yayyanka kwalin sukari, ta rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, ta wanke kwalaben zuma uku, ta zuba kwalayen a ta farko. Ta farko kullum bayan asuba take bitarta. Ta biyu Litinin da Alhamis, ranakun azuminta. Ta uku sai Juma'a. Takan faɗi amsa da ƙarfi kafin ta juya kwalin. Wanda ta ci ya wuce kwalba ta gaba, wanda ta kasa ya koma kwalbar farko ko daga ina ya fito. Alamar mararrabar jirgin ƙasa sau tara tana komawa. Har faɗa take mata: "Ke dai ba ki da kunya."

Wata huɗu tana haka. A zama na uku ta ci, da kuskure biyu.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar da aka fara tsinkar tuffa Hajrudin ya iso da mai sayen taraktar, suka tarar da ita a kan kujerar tarakta, inji na ruri. Ta zaro lasisin daga aljihu ta ɗaga masa.

"Tunda kun zo ku biyu, ga akwatuna can a gindin bishiya. Ku ɗora a hankali, kasuwa za ni."