Mai Tuta da Masanan Rediyo

Ƙanena tela ne, amma ko ɗankwali bai taɓa ɗinka mini ba. Tutoci yake ɗinkawa, ƙananan nan da ake raba wa mutane su kaɗa a bakin titi idan babban baƙo zai wuce. Da su ya yi aure, da su yake ci da iyali. Duk unguwa Mai Tuta ake ce masa.

Wahalar sana'ar ita ce ba a jira a kawo aiki. Kafin a sanar baƙo na tafe, lokaci ya ƙure. Dole ka yanka yadi tun magana tana raɗe-raɗi. Shi ya sa rediyonsa kullum a kunne, tsakanin alli da almakashi.

Bara, babbar ƙasar nan da ta saba turo mana manyanta ta fara ja da baya. Aka tara masana a rediyo. Wani ya ce ta juya mana baya, hankalinta ya koma wata nahiyar. Wani farfesa ya ce sam, sabon salo ne, shugabanta ma yana nan tafe. Na uku ya ce dukansu suna da gaskiya. Shi na fi jin haushi.

Na leƙa shagon, na tarar keken ɗinki ɗaya ya rage cikin biyu. Ya sayar da ɗayan ya jibgo yadi, launin tutar mutanen.

"Kai, wa ya ce maka suna zuwa?"

"Farfesa mana, Yaya. A can fa ya yi karatu."

"Yauwa! To wa ke ɗaukar nauyin shirin? Ka tambaya?"

"Ke dai Yaya, ko ruwa aka ba ki sai kin sunsuna."

"Shi ya sa cikina bai taɓa ɓaci ba. Ajiye almakashin nan. In ba ka yanka ba, mai yadi zai karɓi abinsa."

A gabana ya yanka.

Shugaban bai zo ba. Baƙon wata ƙasar ne ya zo, da tutocinsa a kwali, bugun inji. Washegari farfesan, ko kunya babu, yake cewa ai ya daɗe da hango haka. Wa zai kama shi? Shi bai yanka komai ba.

Yanzu Mai Tuta rigar matashin kai yake harhaɗawa da ƙyallayen. Ni kaɗai nake saye, don kada yaransa su kwana da yunwa.