Akushin Maigidana a Cikin Ruwan Kifi

Shekarun baya, a wani rani mai zafin da ko kaji ba sa fitowa tsakar gida, na ɗauko akushin marigayi maigidana zan shafa masa mai, sai na ga tsagar gindinsa ta ƙara buɗewa. Da can allura ce kaɗai ke shiga. Ranar nan sai da ƙaramin yatsana ya shige.

Ku da ba ku san shi ba, maigidana masassaƙi ne, mutumin Lajawa, kasuwa ce ta zaunar da mu nan Wudil. Turmi, taɓarya, muciya, kujerar tsugunno, duk hannunsa ya fitar, duk kuma an saye an watse da su. Abu ɗaya tak ya sassaƙa wa kansa, shi ne wannan akushi na icen ƙirya, baƙi wuluk. A ciki ya ci tuwo har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa tun ina amarya uwar mijina ta kafa mini doka: ba a barin akushi a ruwa. A wanke, a goge, a kife, a shafa man shanu. A kan wannan doka na tsufa. Ban san adadin yaran gidan da suka sha ranƙwashi a hannuna saboda ita ba.

Ina zaune riƙe da shi sai ga jikana ya yi sallama. Magidanci ne da iyalinsa, karatun kiwon kifi ya yi, amma tun yana goye nake ce masa angona, shi kuma ya ce mini amarya. A falonsa yana da wani akwatin gilashi cike da ruwa, tsawonsa ya kai tabarmar sallah. A ciki ya shuka ciyayin ruwa, ya zuba wasu 'yan kifaye jajaye da rawaya da ba su kai yatsa ba. Ba a cin su. Ni dai har yau ban gane kifin da za ka ciyar ba ka ci shi ba, amma kowa da zamaninsa.

Ya ce, "Amarya, ina raye kina yi wa tsohon mijin nan kuka?"

Na ce, "Rufe mini baki, ja'iri. Zo ka gani."

Ya karɓa, ya ɗaga shi saitin rana, haske ya ratso ta tsagar. Dariyarsa ta ɗauke. Ya ce, "Iya, rani ne ke buɗe shi. In aka bar shi haka, gida biyu zai rabu." Ya jujjuya shi a hannu, sannan ya ce in ba shi ya sa a ruwan kifinsa, ya zuba masa ƙasa da tsakuwa ya dasa ciyawa a ciki. Wai itace in ya sha ruwa kumbura yake yi, tsagar sai ta tsaya.

Na ce, "In ya ruɓe fa?"

Ya ce, "Wallahi ba ni da tabbas, Iya. Wani icen yana shekaru a ruwa lafiya lau, wani kuma ya koma laka."

Gaskiyar da ya faɗa ce ta sa ban kore shi ba. Ƙirya na san ta da rana, na san ta da gara, amma ban san ta da zaman ruwa ba. In na riƙe shi ya rabe a hannuna, in na bayar wataƙila ya narke, kuma ba ni da wani abin da gizagon mutumin nan ya taɓa sai shi. Na yi kwanaki ina juya maganar. Rannan da hantsi na aika aka kira shi, na ce na yarda, amma da hannuna zan shirya shi.

Ashe shirin ma aiki ne. Ya ce man da na yi shekara da shekaru ina shafawa sai ya fita tas, in ba haka ba ya taso saman ruwa ya kashe masa kifi. Ba omo, ba sabulu. Na goge shi da toka da soso, na ɗora tukunyar biki a murhu, na jefa akushin mijina a tafasasshen ruwa.

Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. "Hajiya, me ake dafawa ba a gayyace mu ba?"

Na ce, "Akushi."

Ta ce, "Ikon Allah! Tuwon ya ƙare an koma kan mazubin? To in ya nuna a sam mana, muna da miya."

Na taya ta dariya, amma cikina ba dariya. Duk sanda icen wuta ya yi ƙara sai in ce akushin ne ya fashe. Ruwan ya yi ja kamar shayi, tururin ya taso da ƙamshin man shanu da daddawa, tuwon dare na zamanmu gaba ɗaya. Na zauna a cikin tururin nan ina share ido, na ce wa mutanen gida hayaƙi ne.

Bai fashe ba. Na mayar da shi randa, ya ƙi nutsewa, yana ta yawo a sama kamar ƙwarya. Na danne shi da ɗan dutsen niƙa. Kullum in zubar da jan ruwa in zuba sabo. Ana nan, ana nan, har ruwan ya daina ja. Wata safiya na ɗage dutsen, ya zauna a ƙasa abinsa, bai motsa ba.

Ranar dashe na kai shi gidan jikana. Ya zuba ƙasa, ya rufe da tsakuwa, ya riƙa tsinke ciyawa da wani dogon hantsaki yana kafawa kamar mai dashen shinkafa. Da ya ɗauka zai sa a ruwan, na juya fuskata bango. Na koma gida, na kuma ƙi komawa. Duk sanda ya ce in zo in gani sai in ce ƙafa ce ke damuna. Tsoro ne, ba ƙafa ba.

Sai da damina ta wuce, aka yi masa haihuwa, dole ta kai ni. Ina shiga falon na hango akushin. Ciyawa ta cika shi ta zubo ta baki, koriya shar. Fararen saiwoyi sun bi ta tsagar nan sun kama yashi. 'Yan kifin suna shiga suna fita.

Na ce, "Angona, zan taɓa."

Ya ce, "Kin shafa mai a hannu?"

Na ce, "Tun asuba ruwan alwala kaɗai ya taɓa shi."

Na naɗe hannun riga, na tsoma har gwiwar hannu, na kafa farce a jikinsa na danna da iya ƙarfina. Farcen bai shiga ba. Kamar dutse. Na laluba tsagar, na ji ta matse, ko tsinke ba zai wuce tsakanin saiwoyin ba. Matan da suka zo barka suna kallona hannu a ruwa, ni kuwa na ɗago na ce musu, "Mijina ne ya sassaƙa wannan." Da ƙarfi na faɗa, har na ciki suka ji.

Yau duk sanda na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Tsohuwa ce ni, da wuya in saki abin da na taso a kai, amma wannan karon na saki, kuma ni na hura wutar da kaina. Na tara 'ya'yana na gaya musu, ranar da Allah ya ɗauke ni kada wani ya ji tausayi ya ce zai ciro shi ya adana. A bar shi inda yake, a ci gaba da canja masa ruwa.