Jirgin da Na Daidaita a Tudu

A shekarun da salula ta fara shigowa Zariya, ni ne sarkin gyaran injin niƙa a Samaru. Ni na naɗa kaina, kuma ba wanda ya kai ƙara. Shi ya sa da mijin yayata ya yi ritaya daga koyarwa, ya sa kafinta ya haɗa masa jirgin katako don ɗauko rakensa daga hayin dam, ni ya kira in ɗora inji.

"Ƙanena, ka taɓa yin na jirgi kuwa?"

"Haba Yaya! Injin da ya niƙa masara, ruwa ne zai gagare shi?"

Aikin dai shi ne bakin injin ya haɗu da sandar da ke juya farfela, cif-cif. Kwana uku na yi a tsakar gidansa, jirgi na kan bulo, kaji na ƙwai a ciki. Na daidaita su har reza ba ta shiga tsakani. Ranar Lahadi bayan sujada, rabin coci sun ji labari daga bakina.

Da na je sayen noti a Sabon Gari, wani dattijo mai gyaran janareta, mutumin bakin teku, ya ji ina cika baki.

"Oga, jirgin yana cikin ruwa?"

"Yana gida."

"To ba ka yi komai ba. Katako in ya sha ruwa ya ɗau kaya, zamansa canzawa yake."

"Baba," na ce, "nan Zazzau ne, mun san katako."

Muka kai jirgi dam da amalanke, ya kwana biyu a ruwa. Ran da muka loda rake, har matan zumuntar coci sun zo da waƙa. Ina tayar da inji, jirgi ya kama makyarkyata kamar mai zazzaɓi. Tabarau na Yaya ya gangaro har haɓa. Kifayen dam, na rantse, sai a Kaduna suka tsaya. Noti biyu suka yi tsalle, ruwa ya fara shigowa ta gindin sanda.

"Kashe shi!" yayata ta kwarma ihu daga gaɓa. "Kai, ɗan banza, mijina ɗaya ne!"

Washegari na koma Sabon Gari, na gaida dattijo har ƙasa. Ya biyo ni, ya zauna cikin jirgi ruwa har idon sawu, yana yanka gwangwanin madara yana cusawa ƙarƙashin ƙafafun inji, yana juya sanda da hannu. Kafin rana ta yi sanyi inji na gurnani lumui kamar kyanwa. Bai yi min gori ba ko kaɗan. Rezata kawai ya ara, ya gyara gashin baki.

Rake ya isa kasuwa. Ni kuwa har yau in mace ta kawo min injin niƙa, sai ta tsaya a ƙofar shago ta ce, "Injiniya, a nan za ka gyara, ko mu kai maka shi dam?"