Tahniyar Da Na Riƙa Ba Babana

Sallama gare ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a garin Gadarif da mijina, direban babbar mota da ke jigilar dawa daga Doka. Duk unguwarmu an san ni da abu biyu: iya girki da rashin karɓar gyara. Tun ina yarinya nake bin mahaifiyata yankan riɗi a manyan gonakin ƙasar nan, na san riɗi daga tsirowarsa har zuwa matsar mansa, kuma ina taƙama da wannan sanin. In na ce abu kaza ne, to kaza ne, wanda ya musa mini sai ya gwammace bai buɗe baki ba. Wannan halin nawa ne ya cuci mutumin da na fi ƙauna a duniya.

Da yaƙi ya shiga yankin Jazira, babana ya baro ƙauyenmu na bakin kogi ya zo wurina, daga shi sai jaka ɗaya da carbi. Can yana da lambun gwaba da ya shuka da hannunsa tun kafin a haife ni, kuma bai taɓa yin sati guda nesa da itatuwan nan ba. Bai yi wata biyu a gidana ba na lura yana yawan shan ruwa, yana yawan fita bayan gida, ga rama. Na kai shi asibiti aka gwada jini, likita ya ce sukkari ne, wato ciwon sukari. Ranar asibitin cike yake da 'yan gudun hijira, likitan bai samu zama da mu ba. Ya rubuta magani, ya ce a rage masa sukari da kayan zaƙi, a ba shi abinci mai gina jiki irin su wake da gyaɗa da riɗi. Ban tambayi komai ba. A ganina na fahimta, kuma a hanyar gida na sha alwashin sai na kori ciwon nan da hannuna.

Na shiga aikin ido rufe. Na ɗauke gwangwanin sukari na kulle a ɗakina. Shayin babana ya koma baƙi mai ɗaci, yana kurɓa yana yamutsa fuska, ni ko a jikina. Daga nan na bi duk abin da ke zubar da ruwan zaƙi a baki na hana: mangwaro, kankana, ayaba, da gwabar da yake so kamar ransa. A wurina sukari shi ne farin ƙwayar da ake ɗiba da cokali, sai kuma 'ya'yan itace masu ɗanƙo a hannu. Amma kullum da hantsi, lokacin fatur, wato karin kumallonmu, sai in yanko masa tahniya in haɗa masa da burodi. Wanda bai san ta ba, alewar riɗi ce mai maiƙo da muke saya a kanti. A nan ba ma kallon ta a matsayin kayan kwaɗayi. Ita ake ba mai jego ta yi ƙarfi, ita ɗan makaranta ke ci, ita lebura ke tafiya da ita gona. Likita ya ce riɗi, ni kuwa na ce to ga riɗi. Na san tana da zaƙi, ba zan yi ƙarya ba, amma na ɗauka ɗan barbaɗe ne ake yi mata, sauran duk garɗin riɗin ne. Harshena yana gaya mini gaskiya, girman kaina ya hana ni saurare.

Babana ya ci gaba da ramewa. Da na ga haka sai na ƙara masa tahniyar, safe da la'asar, har ina tsaye a kansa sai ya cinye. Wata rana ya ce mini abin nan yana sa shi ƙishirwa, na ce masa ai ƙarfi ne ke shiga jikinsa. Duk sanda muka koma gwaji sai a ce sukarin ya hau, a tambaye ni me yake ci. Ni kuma in lissafa da gadara: babu sukari, babu 'ya'yan itace, sai kisra, wainar dawarmu, da miya da riɗi. Ban taɓa cewa tahniya ba, riɗi nake cewa, don a kaina duk ɗaya ne. To in abincina ba shi da laifi, laifin na wa? Sai zargi ya shiga raina cewa tsohon nan yana cin wani abu a ɓoye.

Akwai wata rumfa a bakin titinmu inda tsofaffin da suka baro Jazira ke zama bayan la'asar suna tuna gida. Ranar nan na je kai masa maganinsa can, sai na hangi aljihun jallabiyarsa ya yi tudu. Ban yi wata-wata ba na zura hannu, a gaban abokansa, na zaro gwaba ɗaya, nunanniya, rawaya. Kaina ya ɗau zafi. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce masa ni ina wahala dare da rana shi yana kashe kansa a ɓoye, na ce ashe duk rantsuwar da yake mini ƙarya ce. Babana, wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali wallahi bai ci ba, shinshinawa kawai yake yi, ƙanshinta irin na lambunsa ne. Wani daga cikin tsofaffin ya ce mini in ji tsoron Allah, ubana ne fa. Ban saurare shi ba, na wurga gwabar cikin kwata na juya. Sai daga baya, bayan komai ya lalace, na tuna babu sawun haƙori ko ɗaya a jikinta. Daga ranar babana bai sake zuwa rumfar ba.

Cikin damina ƙaya ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa, ciwo ɗan ƙarami da bai kai a kula ba. Sati biyu, sati uku, ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Ni kuwa har lokacin tunanina bai wuce yadda zan ƙara masa ƙarfi ba. Ranar da tahniya ta ƙare a kantin unguwa, maƙwabciyata ta kwatanta mini wani ƙaramin wurin da ake yin ta a bayan kasuwa, ta ce can zan samu sabuwa. Na hau raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, na tafi ina murna zan kawo wa babana mai ɗumi. Da na shiga na ga buhunan riɗi a jingine a bango ɗaya, na ji daɗi, na gane kayan da na taso ina yanka. Sai na waiwaya ɗaya bangon. Buhunan sukari ne a jere har kusan rufi. A tsakiya ga ƙatuwar tukunya tana tafasa, wani mutum ya farke bakin buhu yana tuttula shi ciki gaba ɗaya, ya jawo na biyu. Na tambaye shi wannan kuma na mene ne. Ya yi dariya ya ce Hajiya, in babu wannan ai babu tahniya, riɗi kaɗai ba ya tsayawa a yanka shi da wuƙa. Na zauna a kan wani buhu. Watanni ina kulle gwangwani ɗaya a ɗakina, ina ɗura wa ubana abin da ya fi shi da hannuna, sau biyu a rana.

Washegari na kai shi asibiti, ban jira ranar gwaji ba. Wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa mai haƙuri, ta zaunar da ni na faɗa mata komai ina kuka. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Ta ce akwai zaƙin da Allah ya halitta a cikin ɗan itace tare da ɓawonsa da tsokarsa, jiki yana karɓar sa a hankali, gwaba ɗaya a ci ta yadda take ba ita ce abin tsoro ba in an bi ƙa'idar likita. Akwai kuma sukarin da mutum ya zuba da hannunsa, a shayi, a lemon kwalba, a biskit, a tahniya, a zoɓo da tsamiyar da muke jiƙawa, wanda sau da yawa ido ba ya ganinsa. Ta ce ko zuma da dabino sai da awo ga mai wannan ciwon. Ta ce abubuwa da yawa ke hana ciwon ƙafa warkewa, kada in ɗora wa kaina duka. Na gode mata, amma ni na san abin da na yi.

An yanke wa babana yatsu biyu. Da ya farfaɗo na durƙusa a gaban gadonsa na ce Baba ka yafe mini, ni ce na ciyar da kai ciwon, na kuma kira ka maƙaryaci a gaban mutane. Ya dafa kaina ya ce malesh, ba komai 'yata, ai so ne ya sa, ya yafe duniya da lahira. Na je rumfar nan da ƙafata na faɗa wa tsofaffin cewa ubana bai yi ƙarya ba, ni ce jahila. Wannan ne abu mafi nauyi da bakina ya taɓa furtawa, kuma bai kai rabin abin da ya cancanta ba.

Abin da nake so in gaya wa 'yan uwana, musamman mata masu jinyar iyaye, shi ne kada ku yi irin gadarata. In likita ya ce a rage sukari, ku tsaya ku tambaya, ku faɗi sunan kowane abu da ke shiga bakin majinyaci yadda yake, ko da kuna ganin kun san shi tun haihuwa. Ku tambayi abin da aka zuba cikin abin da kuka saya. Ku rage cokalin shayinku tun kuna lafiya. Ni da mijina mun rage, makon farko ne kawai mai wuya. Kuma kafin ku zargi tsoho da ci a ɓoye, ku fara duba farantin da kuka ajiye masa.

Yanzu sukarin babana ya daidaita, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda, ya koma rumfarsa. Kullum da hantsi nakan wanke gwaba ɗaya in sa masa a hannu. Na gaya masa ya fi a ƙirga cewa likita ya yarda, tasa ce, ya ci. Amma har yau sai ya shinshina ta, ya ɗago ya dube ni kamar yaro, ya tambaye ni ko ya ci.