Jirgin da Ya Ƙi Zama Kan Dogo

Ranar Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar, na tara yaran unguwarmu a ƙofar gida don su ga tashin jirgin ƙasa na farko a tarihin Illela. Haka na faɗa musu da bakina, ko kunya ban ji ba. Ranar kasuwa ce, manya duk sun tafi, babban titi ya cika da ƙugin motoci da kukan jakuna, mu kuwa mun samu fili. Na shimfiɗa dogayen karan dawa biyu daga dakalin zaure zuwa bakin kwata, na kafe su da ƙayar aduwa, na ɗora jirgina a kai. Na cusa busasshen kashin jaki a cikinsa, na jefa garwashi, hayaƙi ya fara fita ta bututu, yara suka ɗauki sowa. Sai na ja zaren da na ɗaura masa. Jirgin bai yi taku ɗaya ba ya karkace ya kife, garwashin ya watse a kan ƙafar Bello, wanda duk unguwar ba mai kama shi wajen ƙera motar waya. Bello ya yi tsalle yana yarfe ƙafa, da ya huce kuma ya dube ni ya ce, "Wanga jirgi na ko jaki? Ai jaki ma ya san hanyar gida." Har na kwashe kayana na shige zaure ana dariya.

A Illela ba mu da jirgin ƙasa, ba mu kuma taɓa samu ba. Mota muka sani. Muna ganin masu lodin albasa da na shanu suna yin kudu, muna ganin masu tsallakawa Ƙonni da buhunan hatsi, yaro ɗan shekara bakwai zai gaya maka irin mota daga jin kukanta kafin ta ɓullo. Saboda haka kowane yaro mota yake ƙerawa, ta kara ko ta waya, da dogon sitiyari yana tura ta yana yin kukan inji da baki. Ni kaɗai rigima ta kai ni ga jirgi. A jikin wata tsohuwar kalanda na gan shi, a rumfar mai shayin bakin tasha: baƙi wuluk, da doguwar tukunya a kwance, da bututun hayaƙi, da manyan ƙafafu da sandar ƙarfe ta haɗe su. Kwana bakwai ina wanke wa mai shayin kofuna kafin ya yage mini shafin. Daga gefe aka ɗauki hoton, abin da ya nuna mini shi na gani, shi kuma na kwaikwaya.

Na yi tukunyar da gwangwanin madarar gari, ɗakin direba da gwangwanin kifi, bututun kuma guntun famfon keke ne da na tsinta a bayan rumfar mai faci. Waya sai na ƙona tsohuwar taya na zare ta cikin toka, in dawo gida baƙi ƙirin, Inna ta bi ni da faɗa har bakin rijiya. Ƙafafun na yanka su daga tsofaffin silifas, kamar yadda kowa yake yi wa motarsa, na goge su a jikin dutse har suka yi sumul. Duk wannan a ɗan lokacin da nake sata ne. Da asuba akwai allo, da hantsi boko, da la'asar in bi ƙanen Baba garkar albasa a hanyar Araba mu yi ban ruwa, in dawo da damin ciyawar rago a ka. Yatsuna ba wanda bakin gwangwani bai yanka ba. Almakashin Inna na ɗinki kuwa ni na kashe shi, har yau in ta tuna sai ta faɗa.

Bayan abin kunyar ranar Lahadi na ɗora wa kara laifi, na ce shi ne ba ya miƙe. Na roƙi rodi biyu a wani gini da aka dakatar, na kwaɓa laka na daidaita ƙasa, na ɗora su. Jirgi ya zame ya faɗi. Na ce rashin nauyi ne, na cika tukunyar da tsakuwa, ya faɗi da ƙara. Na cire ƙafafun roba na sa marafan kwalba, ya faɗi. Na matso da rodin, na buɗa su, na ja a hankali, na ja da ƙarfi, har bisimilla na yi masa na tofa. A kan ƙasa yana tafiya lafiya lau, amma da zarar ya hau dogo sai ya nemi gefe. Bello kullum shawararsa ɗaya ce, in sa masa sitiyari in huta. Ni kuwa na san jirgi ba shi da sitiyari, abin da ban sani ba shi ne abin da yake riƙe shi a hanya. Ina da zuciya tun ina yaro, wani lokaci in yi jifa da shi, in je in ɗauko, in zauna ina miƙe inda ya lotse ina hawayen haushi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin gidanmu akwai mutumin da ya san amsar. Baba ya yi aiki a tashar jirgin Ƙauran Namoda yana saurayi, shi ne mai zuba wa ƙafafun taragu man giris, kafin ya dawo gida ya kama fatauci. A bakin kakata na ji wannan, ba a bakinsa ba. Ni ne ɗan fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba, "yaron ga" nake a wurinsa. Ba ya zama inda nake zaune, ba ya yi mini magana sai ta aike, ita ma yana kallon wani wuri. Ƙanwata Hassi kuwa har wuyansa take hawa, ta cire masa hula, ya yi ta dariya. Ni ma haka aka rene ni, ban san ta inda zan buɗe baki in ce, Baba, duba mini abin nan ba. Sau biyar a rana yake fita masallaci, sau biyar yake tsallake rodina ya wuce kamar bai ga komai ba. Tun ina yi don in rufe bakin Bello, har na daina damuwa da Bello. Abu ɗaya nake so, jirgin nan ya tafi daga dakali zuwa kwata a gaban Baba, ya tsaya ya kalla. Kuma na ji Inna tana cewa kwana uku bayan babbar Sallah zai yi arewa da kaya, sai bayan watanni zai dawo.

Saura kamar mako biyu Sallah, ina durƙushe a ƙofar gida da la'asar, sai ga Hassi da abu a ƙulle a bakin zanenta. Ta zube a gabana. Katakon zare ne guda shida, irin wanda ake naɗe zaren keken ɗinki a jiki, zaren ya ƙare, sai katakon mai baki a kowane gefe da rami a tsakiya. Ta ce, "Baba ya ce in ba ka. Wurin tela ya amso su." Na tambaye ta mi ya ce in yi da su, ta ɗaga kafaɗa ta ce bai ce komai ba. A lokacin 'yan mata ne suke wasa da irin katakon nan, su zura musu tsumma su yi 'yar tsana, ko su jera su a zare su rataya. Ga Bello a tsaye, ya kuwa fashe da dariya, ya ce to ai shi ke nan, an gano sana'ar da ta dace da ni. Jini ya hau mini ka. Wata biyu ina jiran mutumin nan ya dube ni, ranar da ya tuna da ni kuma kayan wasan mata ya aiko mini a gaban abokaina. Ban tsaya na juya ko ɗaya a hannuna ba, na tattara su na watsa ta kan katanga, suka faɗa garken awaki.

Washegari da safe ina sharar tsakar gida na ga Baba ya shiga garken don duba ragon layya. Ya tsaya, ya sunkuya, ya ɗauki ɗaya daga cikin katakon, ya kakkaɓe shi, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ajiye shi a kan katanga ya fita. Bai sake aiko Hassi ba. A raina har wani daɗi na ji, wai na rama.

Ranar tafiyarsa na tashi da niyyar ko ta halin ƙaƙa sai jirgin nan ya tafi. Na share rodin, na shafa musu man gyaɗa, na sa garwashi. Baba ya fito da jakarsa, Hassi na riƙe da butarsa, mota tana jiransa a tasha. Ya zo daidai dakali, maimakon ya tsallake, sai ya tsaya. Tun da nake ban taɓa ganin ya tsaya a kan abin da nake yi ba. Na ja zaren a hankali, a hankali, jirgi ya yi taku ɗaya, ya shiga na biyu, sai ƙafar gaba ta zame, ya kwanta a gefensa yana hayaƙi a gaban takalmin Baba. Ya dube shi, na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi magana. Sai ya juya ya ce, "Hassi, mu tahi." Ko kwanar layinmu ba su sha ba na ɗauko taɓarya na bi ta kan jirgin har ya koma faifai. Da ya dawo bayan wata biyar bai tambaya ba, ni ma ban sake taɓa gwangwani ba.

Sai da na gama sakandare na tafi karatu Zariya na ga jirgin ƙasa da idona. Wasu taragu ne a ajiye kusa da inda titi ya ratsa dogo. Na sauka daga mota tun ban kai inda za ni ba, na je na durƙusa na leƙa ƙarƙashi. Kowace ƙafa tana da baki ta ciki, wani tudu da ya zagaye ta, shi yake tokare dogo ya hana ta zamewa. Ta ciki yake, shi ya sa hoton kalanda bai nuna shi ba. In ka raba katakon zare gida biyu, abin da za ka samu ke nan. Ko ban raba ba, da na zura su a waya na ɗora a kan rodi, da sun rungume shi sun tafi. Na zauna a kan tsakuwar wurin ina tunanin Baba, dattijo da gemunsa, ya je rumfar tela yana roƙon katakon da yara mata suke wasa da shi. Iyakar maganar da al'ada ta bar masa ke nan, ya yi ta, ni kuma na watsa ta cikin awaki. Na yi ta zagin kaina a wurin har wani mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Da na koma gida hutu na so in gaya masa na gane, amma kunyar da ta ɗaure bakinsa ita ta ɗaure nawa.

Yanzu ina da shagon gyaran rediyo da fanka a nan Illela, a bayan shagon kuma akwai teburin da nake ƙera jirage in aiki ya yi sauƙi. Ina da dalma da abin liƙi, ina da ƙaramin inji mai batir, na yi masu hayaƙi na yi masu dizal, kowanne yana zagaye dogonsa ba ya faɗuwa. Mutane suna leƙowa su ce babba da wasan yara, ban damu ba. Yaran yanzu ba su san wahalar da na sha ba, in abu ya shige musu duhu sai su duba waya, a nuna musu shi ta sama da ta ƙasa. Na yi alkawarin ba zan yi wa ɗana na fari abin da aka yi mini ba, amma ga shi ya kai shekara goma sha biyu, in zan kira sunansa sai in ji harshena ya yi nauyi, in ce da uwarsa ina yaron nan.

Baba ya tsufa, idonsa ya yi rauni, a zaure yake wuni. Bara na ƙera wani baƙi mai doguwar tukunya, na ba ƙaramar 'yata ta kai masa, don ita jika ce, har tsokanarsa take yi tana ce masa mijinta. Ni na tsaya a waje, jikin bango. Na ji ta ajiye masa a cinya. Ta gaya mini daga baya cewa bai taɓa bututun ba, bai taɓa tukunyar ba, kifar da shi ya yi ya bi ƙafafun da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya faɗa kuwa da kunnena na ji. Ya ce, "Hwaɗa ma ubanki, wanga kam shina tahiya." Taku uku ne tsakanina da tabarmarsa, na kasa yin su, na tsaya ina share ido da hannun riga don kada masu wucewa su gani. Na haura shekara arba'in, kuma ta bayan bango na ji shi.