Ratsin da Ɓera Ba Ya Gani

Tun da Alhaji Ɗanliti ya buɗe shagon yadi a Gyadi-Gyadi, bai taɓa samun mai ciniki irin wannan ba. Doguwa ce, da tabarau a karan hanci, farar rigar asibiti tana leƙowa ta ƙasan hijabi. Ba ruwanta da laushin yadi. Mai ratsin baƙi da fari take ɗagawa, ta tsayar da ratsin, ta kwantar, ta ja shi hagu a hankali.

A ransa yana cewa ko anko ne, ko karatu ne ya yi yawa.

"Hajiya, biki za a yi?"

"Jarrabawa dai, Alhaji. Gobe zan kare bincikena gaban malamai, kuma ba na son dogara da wuta. A ƙwaƙwalwar ɓera akwai zangon da saƙon ido yake sauka. Wasu ƙwayoyin wurin sai ratsi ya tsaya suke amsawa, wasu sai ya kwanta, wasu sai ya nufi gefe guda."

Alhaji ya dubi bandir ɗin shaddar da ɓeraye suka yi wa taga, ya rage murya.

"To don Allah, wane ratsi ne ba sa gani? Shi zan riƙa shimfiɗawa a sama."